Cika shekara 15 ba shi ne isa shiga Formula 4 ba

Kwanakin baya na saurari wata hira da aka yi da wani uba a bakin filin tseren kat, yana ta huci wai ɗansa ya makara. Yaron shekararsa 15 da 'yan watanni. Laifinsa kawai shi ne har yanzu kat yake tuƙawa, alhali wasu sa'o'insa sun riga sun hau motar Formula 4. Uban ya ce ko ana ha-maza-ha-mata bana sai yaron ya hau. Kuɗin kakar tsere ɗaya ya haɗu, na ta biyu kuma a ga abin da hali zai yi. Da aka tambaye shi dalilin wannan sauri, suna ɗaya ya kama: Verstappen, shahararren direban Formula 1.

Maganar ta tsaya mini a rai, don ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. Hukumar FIA, mai kula da tseren motoci a duniya, ta ce yaro na iya shiga Formula 4 daga shekara 15, sai iyaye da dillalan direbobi suka mayar da wannan izini kamar wa'adi, wanda duk ya wuce shi bai hau ba ya faɗi. Ni ban yarda ba. A ganina mafi yawan yaran da ake ɗaukowa daga kat da zarar sun cika 15 cutarsu ake yi, kuma wanda aka fi cuta shi ne ɗan mai ƙaramin ƙarfi, wanda harbi ɗaya ne a bindigarsa. Yaro ya hau in ya gama cin na gabansa a kat, kuma in akwai kuɗin kaka biyu a ƙasa. Ƙasa da haka, ya ƙara shekara.

Ga wanda bai saba da harkar ba: kat ita ce 'yar ƙaramar motar tseren nan mai kama da gadon ƙarfe a kan tayoyi huɗu, wadda yara ke farawa da ita tun suna shekara shida ko bakwai. Daga nan sai motoci masu kujera ɗaya, matakala bayan matakala: Formula 4, wadda Italiya ce ta fara gudanar da gasarta a 2014, sai Formula Regional, sai Formula 3, sai Formula 2, sannan Formula 1.

Abin da hannu ya saba da shi

Mutane na ɗauka motar Formula 4 kat ce da ta girma. Ba haka ba ne. Kat ba ta da sifirin, tayoyinta na baya kuma ƙarfe ɗaya ya haɗa su, tare suke juyawa. Kafin ta sha kwana da kyau sai tayar baya ta ciki ta ɗan ɗaga daga ƙasa, kuma direba da jikinsa yake taimaka mata: ya karkata, ya danna kujera da haƙarƙari, ya ji motar a bayansa. A yawancin azuzuwa birkin ma a baya kaɗai yake, don haka lallaɓa shi ake yi.

Sai a ɗauki yaron da ya shekara takwas yana wannan a kwantar da shi cikin wani kwami, a ɗaure shi tamau da bel ta kafaɗa da ƙugu har ba ya iya motsa komai sai hannu da ƙafa da wuya. Ba ya ganin fiffiken gaban motarsa. Abin da ke bayansa sai ta wasu 'yan madubai biyu masu rawa. Motar ta ninka kat wajen sau huɗu a nauyi, tana kuma haura kilomita 200 a sa'a.

Birki shi ne inda ake gane sabon shiga. Fuka-fukan motar suna sa iska ta danna ta ƙasa, kuma iya gudunta iya ƙarfin dannawar. Saboda haka a farkon taka birki, lokacin da gudu ya fi yawa, a nan ne taya ta fi kama kwalta, a nan ake son direba ya take shi da dukan ƙarfin ƙafarsa, sannan ya riƙa sassautawa yayin da gudun ke raguwa. Yaron kat kuwa ƙafarsa akasin haka ta sani. Da yamma injiniya zai buɗe kwamfuta ya nuna masa layi biyu, nasa da na abokin tuƙinsa: na wancan ya miƙe tsaye kamar bango sannan ya gangaro, nasa kuma ya hau a hankali kamar tudu. Zai ce ya gane. Gobe ya koma fili, ƙafar ta sake yin abin da ta saba.

Haka bin mota a baya. A kat manne wa na gaba ake yi, hanci a gindi, har a sami kafa. A mota mai fuka-fukai in ka manne wa na gabanka a kwana mai gudu, iskar da ya hargitsa ce za ta same ka, gaban motarka ya ƙi juyawa, tayoyinka su ƙone a banza.

Duk wannan ana iya koya, babu shakka. Matsalar ita ce wurin koyon ya yi tsada. A kat yaro na iya wuni yana zagaye har ya gaji. A Formula 4 kowace ranar gwaji dubban yuro ce, sababbin tayoyi a ƙidaye suke, kuma zagaye ɗaya ko biyu ne kawai sabuwar taya ke ba da iyakar abin da take da shi. Wanda bai koyi natsuwa, da karanta tsere, da yi wa bakanike bayanin abin da mota ke yi ba tun a inda zagaye ke da araha, ba zai koye su a inda kowane kuskure ke zuwa da takardar biya ba.

To, Verstappen fa?

Wannan ita ce hujjar da ake fara jefo wa mutum, kuma abin dariya, ita ce ta fi goyon bayana.

An haifi Max Verstappen a watan Satumban 1997. Ya fara kat yana ɗan shekara huɗu. Mahaifinsa Jos tsohon direban Formula 1 ne, mahaifiyarsa Sophie Kumpen kuma gwanar kat ce da ta yi gogayya da manyan zamaninta. Bai bar kat ba sai ƙarshen 2013, shekarar da ya kwashe kofunan Turai ya kuma ci kofin duniya a ajin KZ, ajin da kat ke da giya shida da birkin gaba, inda ƙwararrun manya ke tsere. Sai a 2014 ya fara tseren mota, yana da shekara 16. Wato yaron da ubansa ke cewa ya makara bai ma kai shekarun da Verstappen ya fara ba.

Abin da ya yi da sauri shi ne abin da ya biyo baya: kaka ɗaya tak a Formula 3 ta Turai, inda ya ci tsere goma ya ƙare na uku, sai Toro Rosso, ƙaramar ƙungiyar Red Bull, ta saka shi a Formula 1 a 2015 yana da shekara 17. Ya daɗe a ƙasa, shi ya sa bai daɗe a tsakiya ba. Kimi Räikkönen ma haka: kullum ana ba da labarin cewa tsere 23 kacal ya yi a mota kafin ƙungiyar Sauber ta Formula 1 ta ɗauke shi a 2001, amma ba a cika faɗin cewa sai da ya kai shekara 19 kafin ya fara motar ba. Charles Leclerc, wanda ya zo na biyu a bayan Verstappen a wancan kofin duniya na 2013, shi ma a 16 ya hau. Ayrton Senna kuwa sai a 1981, shekarar da ya cika 21, ya je Ingila ya fara Formula Ford, ko da yake wancan zamani daban ne.

Kuma ƙofar da Verstappen ya bi an rufe ta a bayansa. Daga 2016 FIA ta ce ba mai samun lasin ɗin tuƙa Formula 1 sai ya cika 18, kuma sai ya tara maki 40 daga ƙananan gasanni cikin shekara uku. A 2024 an ɗan sassauta, hukumar na iya yi wa ɗan shekara 17 alfarma in ta ga ya cancanta, amma alfarma ce. Zakaran Formula 4 maki 12 yake samu, kuma makin ba ya dawwama; in aka daɗe a hanya sai ya zube. Saurin me ake yi zuwa bakin ƙofar da ba za a buɗe ba sai bayan shekara uku?

Wai in ya jira ba mai ganinsa

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Ana cewa manyan ƙungiyoyi, irin su Red Bull da Ferrari da Mercedes da McLaren, yara ƙanana suke ɗauka cikin shirinsu na renon direbobi, don haka wanda ya tsaya a kat har 16 ya rasa layi.

Gaskiya ne ƙanana suke ɗauka. Amma daga ina? McLaren ta ɗauki Lewis Hamilton a 1998 yana da shekara 13, yana kan kat, kuma bai yi cikakkiyar kakarsa ta farko a mota ba sai 2002, yana da 17. Mercedes ta ɗauki Andrea Kimi Antonelli a 2019, shi ma yana kan kat. Masu farautar hazaƙa a filayen kat suke tsayawa, ba sa jiran yaro ya saya wa kansa kujera a Formula 4 kafin su san sunansa. In yaro ya kai 15 babu wanda ya tuntuɓe shi, hawa mota ya ƙare na goma sha bakwai ba zai sa wayar ta yi ƙara ba.

Antonelli dai ya hau Formula 4 da cikarsa 15, ban musa ba. Sai dai ya hau ne bayan ya ci kofin Turai na manya a kat sau biyu a jere, 2020 da 2021, da Mercedes a bayansa, da kujera a Prema, ƙungiyar da ta fi kowa iya wannan mataki. A 2022 ya cinye gasar Italiya da ta Jamus gaba ɗaya. Irin wannan yaro ba abin da ya rage masa a kat, tsayawarsa ɓata lokaci ce. Da shi ba ni da magana. Maganata da ɗari ne da ke kwaikwayon ranar hawansa ba tare da kofunansa ko masu ɗaukar nauyinsa ba.

Su kansu waɗannan shirye-shiryen ba gidan marayu ba ne. Jaime Alguersuari, ɗan shirin Red Bull, ya shiga Formula 1 a 2009 yana da shekara 19, a lokacin shi ne mafi ƙarancin shekaru a tarihi. Ƙarshen 2011 Toro Rosso ta sallame shi yana da 21. Yana da 25 ya bar tsere gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da ba a son ambata a gaban iyaye mata. A watan Afrilun 2017 Billy Monger, ɗan shekara 17, ya afka wa wata mota da ta kusan tsayawa a gabansa a filin Donington, a gasar Formula 4 ta Birtaniya. Ya rasa ƙafafunsa biyu. A 2023 Dilano van 't Hoff, ɗan shekara 18, ya rasu a filin Spa na Beljiyam a tseren Formula Regional cikin ruwan sama. Babu laifin ko ɗayansu, kuma motocin yanzu sun fi na da tsaro, har da ƙarfen kariyar kai da aka ƙara wa sababbin motocin Formula 4. Amma a irin wannan gudu, cikin feshin ruwan da ba ka ganin komai, rayuwarka na hannun shawarar da yara talatin za su yanke cikin ƙiftawar ido. Ina so kowane ɗayansu ya kasance ya isa.

Inda masu sauri ke da gaskiya

Kat a matakin ƙasa da ƙasa ba araha ba ce. Kaka guda tare da babbar ƙungiya, ana yawo tsakanin filayen Italiya da sauran Turai da injina da tayoyi da makanikai, na iya cin kuɗin da ya kusa na wata ƙaramar gasar Formula 4. Uban da ya ce in dai zan kashe wannan kuɗi gara in kashe shi a mota, ba wawa ba ne.

Kuma kofin kat ba takardar shaidar komai ba ce. Nyck de Vries ya ci kofin duniya sau biyu, 2010 da 2011, ya hau mota da sunan da ya fi na kowa a tsararsa. Sai 2019 ya ci Formula 2, da ya sami cikakkiyar kujera a Formula 1 a 2023 kuma tsere goma aka ba shi aka sallame shi. Haka nan wanda ya zauna a kat har 19 ko 20 a wannan zamani, in dai Formula 1 yake nema, to lallai ya makara.

Don haka ba cewa nake a zauna don zama ba. Shekara guda nake magana, mai manufa: yaro ya kara da manya, in da hali a ajin KZ mai giya inda zai saba da birkin gaba da tashi daga tsaye, ya gina wuya da ƙafa, ya yi 'yan ranakun gwaji a motar Formula 4 ba tare da kowa na rubuta sakamakonsa ba, ya kuma ci gaba da karatunsa. Tsakanin ɗan 15 da ɗan 16 akwai tazara mai yawa a jiki da hankali, duk wanda ya yi renon saurayi ya sani.

Saman matakalar cunkushe yake

Kujeru 20 ne a Formula 1 shekara da shekaru, sai zuwan ƙungiyar Cadillac a 2026 ya mayar da su 22, kuma masu su ba sa saurin tashi. Oscar Piastri ya ci gasa uku a jere, Formula Renault a 2019, Formula 3 a 2020, Formula 2 a 2021, amma 2022 a benci ya yi ta. Felipe Drugovich da ya ci Formula 2 a 2022 da Théo Pourchaire da ya ci a 2023 ba su sami kujerar ba. Robin Frijns ya ci gasa uku cikin shekara uku daga 2010 zuwa 2012, bai taɓa tsere a Formula 1 ba; rayuwarsa a Formula E, gasar motoci masu lantarki, da tseren dogon zango ya gina ta, har ya ci ajinsa a tseren sa'a 24 na Le Mans a 2021. Mafi yawan yaran da za su ci abinci da sitiyari a irin waɗannan wurare za su ci, kuma a can ba mai tambayar ko a 15 ka fara ko a 17. Abin da ake tambaya shi ne ko kana da sauri, ko kana dawo da mota lafiya.

Kuɗin kaka ɗaya

A nan ne zancen ya fi yi mini zafi. Kaka guda a babbar gasar Formula 4 tana cin dubban ɗaruruwan yuro. Formula 3 ta haura miliyan, Formula 2 ta ninka haka. Kuma kuɗin kujera daban, kuɗin ɓarna daban: fiffiken da yaro ya karya, ko ƙafar motar da wani ya karya masa a kwanar farko, iyayensa ne za su biya.

Yaran da ake kira sababbin shiga ma ba ɗaya suke ba. Ɗan mai hali ya yi gwaji iya son ransa, ya tafi gasar hunturu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ko Sifaniya, kafin a buɗe kaka a Turai ya san motar ciki da waje. Ɗan mai ƙaramin ƙarfi ya zo da 'yan ranakun gwaji, a ƙungiya mai araha inda babu gwanin abokin tuƙi da zai kwatanta layinsa da shi. A takarda kuwa duk sunansu ɗaya.

Al'adar harkar ita ce kakar farko ta koyo, ta biyu ta cin kofi. Wanda ya zo da kuɗin ta farko kaɗai kamar mai gini ne da ya kashe duk abin hannunsa a tushe: damina ta same shi ba rufi, kuma tushen ba ya sayuwa. Abin da ya fi muni, sakamakon mota ba ya gogewa. Mummunar shekara a kat ana manta ta. Amma na goma sha takwas a Formula 4 yana nan a rubuce, duk mai son ɗaukar nauyi zai buɗe intanet ya gani, kuma babu wani gefe da aka rubuta cewa yaron bai yi gwaji ba ko motarsa tsohuwa ce.

Ana son ba da labarin Esteban Ocon, yadda iyayensa suka sayar da gidansu har da garejin mahaifinsa suka koma kwana a motar tirela don ya ci gaba da kat. Labari ne mai daɗi saboda ya ƙare da kyau: shi ne ya ci Formula 3 ta Turai a 2014, a gaban Verstappen, bayan ya yi kaka biyu a Formula Renault. Amma Ocon bai hau mota da kuɗin gidan ba, masu zuba jari sun riga sun ɗauke shi. Leclerc ma kuɗin gidansu ya ƙare tun yana kat, dillalin direbobi Nicolas Todt ne ya ɗauki nauyinsa daga 2011. Duka biyun a kat aka gan su, kuma wani ne ya biya matakin gaba. Iyalan da suka sayar da gida labarin bai ƙare da kyau ba, ba mai hira da su.

A ƙarshen kowace shekara, lokacin da ƙungiyoyi ke cike kujerun kaka mai zuwa, waya takan yi ƙara a gidajen yaran kat. Mai ƙungiya zai ce ya ga yaron, yana da baiwa, saura kujera ɗaya, an yi ragi, amma sai an sa hannu kafin ƙarshen mako. Shi kasuwancinsa ke nan, kujerar da ba kowa asara ce a gare shi. Kafin a sa hannu a tambaye shi ranakun gwaji nawa ne a cikin kuɗin, wa zai zauna a ɗaya motar, nawa ake biya in an yi karo, kuma ina yaran da suka tuƙa masa bara suke yanzu.